Sabulun Salo a Gindin Duro

A wata unguwa ta Kontagora, tun zamanin da famfo bai iso lungunsu ba, akwai wata yarinya 'yar firamare. Tana da kirki, sai dai hannunta ya fi tunaninta sauri.

Daminar da ta wuce ta rushe ɗakin kakarta, Iyatu. Tun daga nan tsohuwar take kwana a ɗakin ajiya, ga zafi, ga ɓeraye. Baban yarinyar, Malam Mika'ilu, ya yi alkawarin gina mata sabo kafin ruwan fari. Ya dunƙula tubali da hannunsa, ya jera a tsakar gida har suka bushe. Ya kuma aro wani tsohon duro don ruwan kwaɓa ƙasa, ya ajiye shi nesa kaɗan da tubalin.

Ran nan da la'asar akuya ta sa baki a gyaɗar da yarinyar ta shanya. Yarinya ta wawuri fartanya ta wurga. Akuya ta goce. Fartanya ta sami duro a can ƙasa, wajen da ya yi tsatsa. Kwam!

"Ke, ƙarar me nake ji?" in ji Inna daga madafa.

"Ba komai, Inna. Akuya ce."

Yarinya ta durƙusa ta duba. Duro ya huje. Amma hujin bai fi ƙwayar wake ba. Ruwan ciki kuma ɗan kaɗan ne, da ƙyar ya wuce hujin. Yana fita ɗis, ɗis, yana bin jikin duro.

"Af, wannan ne kawai?" ta ce a ranta.

Ta taɓa ganin Inna ta liƙe tsagar kwano da sabulun salo. Sai ta gutsiro sabulu, ta danna a hujin, ta shafa ƙasa a kai. Ɗigo ya tsaya cak. Ta wanke hannu, ta ja bakinta ta yi shiru.

Washegari da safe Baba ya kira 'yan garwa. Suka yi ta zuba ruwa har duro ya cika maƙil.

"Yau za a fara gini," in ji Baba. "Bari in je in taho da Baƙo magini."

Yarinya ta so ta yi magana, amma tsoro ya hana ta. Baba ya fita.

Ta zauna ta zuba wa gindin duro ido. Ƙasar da ta shafa ta jiƙe. Sabulu ya fara kumbura, ya yi kumfa. Can sai ta ji fut!

Ruwa ya yi tsartuwa kamar an harbo shi. Ba ɗigon jiya ba ne. Ya tsallake ƙasa, ya sauka daidai kan layin tubali na gaba.

Ta ruga ta danna yatsa a hujin. Ruwa ya ture yatsan, ya fesa mata a fuska. Ta ƙara dannawa da dukkan ƙarfinta. Bakin ƙarfen yana cizon ta. Idan ta saki, tubali ya narke. Idan ta yi kira, asirinta ya tonu.

Ta dubi tubalin. Na farko ya riga ya zube, ya zama taɓo. Ta tuna da Kaka da ɓerayen ɗakin ajiya. Hawaye suka zubo mata.

"Inna! Inna, ki zo! Na huda duro!"

Inna ta fito a guje, hannunta duk gari. Ta yagi tsumma ta cusa a hujin. Ruwa ya tofo shi waje.

Kaka Iyatu ta fito tana dogara sanda. Ta dubi duro, ta dubi tubali.

"Ku bar faɗa da huji!" in ji ta. "Ku rage ruwan ta sama! Takwara, mayar da yatsanki, kar ki saki."

Inna ta ɗauko ƙwarya. Ta cika randa, ta cika tulu, ta cika tukunyar tuwo. Maƙwabciyarsu Ruka ta ji hayaniya, ta shigo da bokiti biyu. Har kwanon miya sai da aka zuba wa ruwa.

Yarinya ta ci gaba da dannawa. Yatsanta ya mutu, ba ta ma jin sa.

"Kaka, na gaji!"

"Daure, takwara. Ɗakina ne a yatsan nan naki."

Da ruwa ya sauka rabi, sai yarinya ta ji turin ya ragu. Yatsanta ya zame. Ruwa ya fito, amma bai kai ga tubali ba, a tsakiyar hanya ya faɗi. Aka ci gaba da kwasa. Tsartuwar ta yi ta gajarta, har ta koma ɗis, ɗis irin na jiya.

Daidai nan Baba ya yi sallama tare da Baƙo magini. Ya tsaya turus. Layin gaba duk ya narke. Sauran tubalin kuwa suna nan lafiya.

Yarinya ta durƙusa, ta faɗi duk abin da ya faru, ba ta rage komai ba.

"Baba, wallahi jiya ɗigo kawai yake yi. Hujin ne ya ƙara girma?"

Baba ya duba. "Hujin yana nan yadda yake, Uwata. Ruwan ne ya ƙara zurfi. Ruwan sama yana danne na ƙasa. In zurfin ya yi yawa, dannawar ta yi ƙarfi, sai ruwa ya fita da gudu. In ya ragu, sai ya fita a hankali."

"Shi ya sa sabulun bai riƙe ba?"

"Shi ya sa. Da kin faɗa mini jiya, da ɗan itace da kwalta sun gama maganar."

Baba bai doke ta ba. Ya fiƙe itace ya toshe hujin, ya shafe da kwalta. Sannan ya nuna mata ramin kwaɓi.

"Tubalin da ya narke, tare za mu mayar da shi."

Kullum in ta taso daga makaranta sai ta tuɓe takalmi, ta shiga taka ƙasa. Ƙafafunta suka yi ciwo, amma ba ta yi ƙorafi ba. Gini ya ɗan yi jinkiri, hadari ya fara haɗowa, kowa hankalinsa a tashe. Allah ya taimaka, aka rufe ɗaki kafin ruwan fari ya sauka.

Ranar da Kaka ta tare, yarinyar ce ta ɗauko mata tabarma ta shimfiɗa. Daga nan ta gane cewa ɓoye kuskure ba ya gyara shi. In ka yi ɓarna, ko da ƙarama ce a idonka, faɗa wa manya tun da wuri.