Kayan da Ba a Goge Ba

"Ki tsaya mana! In kina motsi komawa ciki za ta yi."

Luyando ta cije gefen matashi. Goggo Mwaka, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, ta ƙara dangwala basilin a ƙurjin da ke bayan kafaɗarta, ta ɗan jira, sannan ta matse.

Abin ya fito. Tsutsa ce fara, gajera, tana motsi.

Ta huɗu ke nan.

"Putsi ce," in ji Luyando.

"Maruru ne."

"Maruru ba ya tafiya a kan faranti, Goggo."

Duk wanda ya girma a Kabwe ya san ƙudan putsi. Da damina yake bin kayan shanya yana zuba ƙwai, in ba a bi su da dutsen guga ba, a fatar mutum za su ƙyanƙyashe. Amma kayan Luyando wata biyu ba su ga igiya ba. Inji ke busar da su, kayan inji kuwa ba ruwansu da ƙuda.

Manemin Luyando, Sikazwe, wanda ake kira Ba Sikazwe yadda mutanen Kabwe ke girmama suna, shi ya kawo injin a bayan motarsa, fari fat, har da leda. A ma'adinan Solwezi yake aiki.

"Sarauniyata ba za ta riƙa baje kayanta a idon unguwa ba," ya ce.

A ranar Goggo ta sa wuƙa ta yanke igiyar shanya. Yanzu ga shi Asabar mai zuwa mutanensa za su zo da kwanuka biyu a rufe, bisa al'adar garin, su nemi aure.

Ɗaya bakin igiyar a jikin rumfar Kasonde yake ɗaure. Kasonde mai guga, dutsensa na gawayi. Shekara uku Luyando tana shanya kafin ta tafi shagon magani inda take aiki, ta dawo ta tarar da kayan a goge, a ninke, har cikin kalmasa. Bai taɓa karɓar komai ba.

Bai kuma taɓa cewa komai ba.

Sati uku da suka wuce ya tare ta a bakin ƙofa.

"Luyando, ki kawo kayanki in goge."

"Inji ya busar."

"Ki dai kawo."

"Ba Kasonde, shekara uku... iya maganar da ke bakinka ke nan? Guga?"

Ya kalli garwashinsa. Ta rufe ƙofa.

Yanzu ta tashi zaune, ta ja zane ta rufe kafaɗa.

"Goggo, yaushe rabon da a kawo wuta da rana?"

Goggo ta ɗauki farantin.

"Ina tafiya aiki babu wuta. Ina dawowa babu wuta. Amma kullum kayana suna cikin inji a bushe."

"To na shanya! Sai me?" Goggo ta ajiye farantin da ƙarfi. "A shingen baya, ƙarƙashin mangwaro. In sun bushe in zuba a ciki. So kike in ce wa bawan Allah akwati ya saya mana?"

"Ba ki goge ba."

"Da wace wutar? Ko in kai wa mai gawayin naki, duk unguwa ta ji?"

"Ba Sikazwe ya sani?"

Goggo ta kau da kai.

"Shi ya ce a bar maganar har bayan Asabar. Wai kar ki samu dalilin komawa rumfa."

Luyando ba ta yi kuka ba. Ta buɗe injin, ta kwashe kayan cikin baho. Ta ɗauko rigar Asabar daga jikin ƙusa, wadda aka wanke jiya don ta yi laushi, ta ɗora a kai.

"Ina za ki? Luyando! Mutumin da ko keke ba shi da shi? Toka za ki ci da tuwon nshima?"

Wayarta ta yi ƙara a tsakar gida.

"Sarauniyata, ya jikin? Goggo ta ce 'yan ƙuraje ne. Zan aiko da mai daga Solwezi..."

"Ka aiko a ɗauki injinka. Ledarsa tana nan."

Ta kashe.

Kasonde yana fifita garwashi da murfin kwali. Ya ga bahon, ya ga yadda take riƙe kafaɗa.

"Nawa?"

"Huɗu."

Ya rufe ido.

"Ka ga Goggo tana shanyawa."

"Na gani."

"Ba ka faɗa ba."

"Uwa ce a gare ki. Ba ni zan tona ta ba. Na ce ki kawo..."

"Ka ce in kawo." Ta dire bahon. "Kullum rabin magana. Tsutsa huɗu rabin maganarka ta jawo mini."

Ya yayyafa ruwa, ya fara da zannuwa, yana danna dutsen a kowace kalmasa har tururi ya tashi. Ta zauna a benci tana kallon hanya. Hadari yana haɗuwa ta gabas.

Da ya iso kan rigar, hannunsa ya tsaya.

"Ta Asabar ce."

"Ita ce."

"Ba zan iya goge wannan ba."

"Saboda me?"

Ya daɗe yana kallon rigar. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Saboda ina son mai ita. Tun ranar da ta ɗaura igiya a rumfata ba ta nemi izini ba."

Wata mota ta wuce. Luyando ta bi ta da ido har ta sha kwana.

"Kawunka yana da kwanuka biyu?"

"Ɗayan ya lotse."

"Ya zo da shi haka. Goggo za ta yi ihu, ta gaji ta bari."

"Luyando... rabin raina..."

"Goge rigar, Ba Kasonde. Ka danna sosai a wuya."

Ya danna.

Guntuwar igiyar tana nan a jikin ginshiƙin rumfa, inda wuƙar Goggo ta bar ta. Wata biyu bai kwance ta ba. Luyando ta kama bakinta ta ja, ta ji ƙullin bai saki ba.

"Ƙari kawai take so," ta ce.