Folere a Kwalbar Giya

Munzali ya fara ganin Raudatu ne ta cikin hayaƙin tukubarsa a unguwar New Bell da ke Duwala. Ta sayi tsire, ta ci yanka ɗaya a tsaye, ta yamutsa fuska.

"Malam, naman nan ya yi maiƙo. Da me mutum zai kora?"

"Ke ki kawo abin korawar mana."

Washegari sai ga ta da shi. Zoɓo ne, wanda mutanen Duwala ke kira folere, ja wur, ta haɗa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba. A tsohuwar kwalbar giya ta zubo shi, wankakkiya tas, irin wadda masu gyaɗa ke amfani da ita. Ya ci tsire mai kitse, ya kurɓa. Tsamin ya yanke maiƙon, cittar ta biyo baya da ɗumi. Yana kallonta har naman da ke wuta ya ƙone.

Da yamma ya rubuta mata ta waya: "Zinariyata, kin ɓata ni. Yanzu ruwa ma ba ya shiga."

Ta amsa: "Doucement, bi a hankali, Mai Tukuba. Gobe zan rage sukari, kai kuma ka ajiye min mai kitse."

Akwai Saminu, ma'aikacin ofis da ya daɗe yana nemanta. Ya ɗauki hoton Munzali da kwalba a baki, ya kai wa mahaifinta, Alhaji Jibirilla.

"Mashayi ba zai taka min ƙofa ba," in ji Alhaji.

Raudatu ta rasa sukuni. In ta yi shiru ta rasa Munzali, in ta yi magana ta tona cewa tana zuwa tukubar namiji a ɓoye. Ta zaɓi magana. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar ndole ta ganyen shuwaka da naman shanu, ta ajiye kwalbar kusa da kwanon mahaifinta.

"A'uzubillahi! A gidana?"

"Baba, ni nake kai masa. Ka shinshina kawai."

Ya daɗe yana harararta kafin ya shinshina. Ya ɗanɗana. Ya kai loma, ya sake kurɓa. Bai ɗago ba sai da kwanon ya ƙare.

"Kin iya wannan, ni kuma kullum ruwan famfo ake ba ni?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Yawon tukuba ya ƙare daga yau. In da gaske yake, ya turo magabatansa."

Ta ruga ɗaki ta rubuta: "Ka turo su! Baba ya ce ka turo su!"

Ranar ɗaurin aure unguwa ta cika maƙil. Alhaji ya riƙe hannun Munzali a gaban jama'a.

"Na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe. Ga ta nan, ka riƙe ta da mutunci. Allah ya sa albarka."

Jama'a suka amsa da amin.