Takalman Hamsatou a Bakin Ƙofa

"Ba zan yaga shi ba, Hajiya," in ji Hamsatou.

Hoton na kan tebur tsakaninsu. Hamsatou ce a ciki, da mayafinta, ba takalmi, a gaban wani tsohon ɗakin bautar Hindu a Thanjavur. Makarantarsu ta jinya ce ta kai su Indiya. Nadia, wadda ta shekara biyu tana aiko wa Tahirou, ɗan Hajiya, dambu bai gane nufinta ba, ita ta zaro hoton daga albam ɗin Hamsatou ta kawo wa mahaifiyarsa har gidanta a garin Pleasant Garden.

Sharaɗin Hajiya biyu ne: a yaga hoton, sannan Hamsatou ta sake kalmar shahada a gaban Malam. In ba haka ba, babu aure tsakaninta da Tahirou. Hujjarta ita ce duk wanda ya cire wa gunki takalmi ya bauta masa.

Tahirou kuwa, jarumin sayar da motoci a titin High Point Road, ya duƙufa yana nazarin kafet.

Hamsatou ta ce gini ta je gani. Dutse ne zalla, ya kusa shekara dubu, sarkin da ya gina shi ya daɗe da zama ƙasa amma rubutunsa na nan a bango. Ta ga wata tsohuwa tana kuka a gindin ginshiƙi, ɗanta ba lafiya. Ta tausaya mata, ta fito ta yi la'asar ɗinta a masauki.

"Ban fita daga Musulunci ba, balle in dawo. Takalmi kuma... ga nawa can a bakin ƙofarki, Hajiya. Girmama masu gida ne."

Talabijin na kunne a falon. Kaset ɗin Indiya ne a ciki, kamar kullum. Wata amarya na ta kaɗa ƙararrawa a ɗakin bauta. Shekara talatin Hajiya na zubar da hawaye a daidai irin wannan wurin, tun suna Maraɗi.

Hamsatou ta zare zoben baikonta ta ajiye kan hoton. Ta miƙe za ta fita.

Sai a nan Tahirou ya gama da kafet.

"Zauna, sanyin idona." Ya juya ga mahaifiyarsa. "Mama, in an yaga wannan, akwai wani a motata. Wata shida ina kallonsa, ban rasa jam'i ko ɗaya ba. Ita zan aura."

Hajiya ta kalle shi kamar yau aka haife shi. Ta kalli talabijin. Ta jawo hoton ta sa tabarau, ta daɗe a kansa.

"Ke... da gaske haka yake da girma? Ba dabarar masu fim ba ce?"

"Ya fi haka, Hajiya."

Hajiya ta tura mata zoben da ɗan yatsa, ba ta ko ɗago ba.

"Sa abinki. Matso ki nuna mini inda ƙararrawar take."