Mai Riƙon Manaja

"Auta, a hankali mana. Za ki karya masa haƙarƙari."

Ina kwance rub da ciki a kan kafet, rabin jikina a ƙarƙashin doguwar kujera, maganin da ya kamata ya shiga cikin zomo yana gangarowa daga girata, amma ni ake ce wa a hankali.

"Abba, ko taɓa shi ban yi ba..."

"To ai kallon da kike masa ne yake tsorata shi."

Na jawo jikina na fito na zauna, sirinji a hannuna ba komai a ciki. Daga can cikin duhu Manaja ya buga ƙafar baya a ƙasa, dum, wato ya gama magana.

Manaja zomon Abba ne, fari tas mai baƙin kunne ɗaya. Abba ya yi shekara da shekaru yana aiki a ƙarƙashin manajoji a kamfanin takalma, da ya yi ritaya sai ya sayo zomo ya raɗa masa wannan suna, wai shi ma ya samu manajan da zai riƙa ba umarni. Ba a rufa wata ba aka koma gidan jiya. Manaja ke tashin Abba da safe, Manaja ke zaɓar kujerar da zai kwanta. Umma ta ce tunda aka yi aurensu ba ta taɓa ganin Abba ya riƙe wuƙa a kicin ba sai da aka zo yanka wa zomo karas.

Sai ga shi Manaja ya daina cin abinci. Likitan dabbobi ya ce zomo in ya daina ci cikinsa tsayawa yake yi, kuma ba a wasa da hakan. Ya haɗo mu da wani jan magani mai zaƙi da sirinji mara allura, a ba shi safe da yamma. Hannun Abba rawa yake yi, Umma kuwa ta ce ita ta gama ɗura wa 'ya'yanta magani, ba za ta koma kan zomo ba. Aiki ya faɗo kaina.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, aurena ma a hannun Manaja yake.

Dogo mai gyaran firiji ne. A makarantar da nake koyarwa muka haɗu, ya zo duba firijin ofis, ya gyara shi tun da hantsi amma ya yi ta kwance shi yana ɗaurawa har aka tashi. Ina son sa, ba na ɓoyewa. Abba ya bincika halinsa da sana'arsa bai samu abin kushewa ba. Sai dai ranar da ya fara shigowa falonmu, Manaja ya sansana takalminsa, ya buga ƙafa, ya juya masa baya.

"Dabba ba ta munafunci," in ji Abba. "Ranar da Manaja ya hau cinyarka da kansa, ka turo manyanka."

Mun ɗauka wasa ne. Ashe har cikin ransa yake nufi.

Wata da watanni Dogo yana zuwa ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan kafet, ganyen latas a hannu, yana lallashin zomo kamar mai neman aiki. Ana gobe Manaja zai fara ciwo, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan gwiwar Dogo, ya yi jim, sannan ya sauka. Ranar har rawa na yi a kicin. Saura ƙiris.

Gwaggo kuwa, yayar Abba, tana da nata ɗan takarar, ɗan ƙawarta mai sayar da motoci. Ni Ɗan Gayu nake ce masa, don turarensa ke riga shi sallama. Shi da ya zauna Manaja zai ɗare jikinsa yana cusa hanci a aljihunsa. Na taɓa hango ɓawon ayaba yana leƙowa daga aljihun, na faɗa, Gwaggo ta ce baƙin ciki ne ke damuna.

Ina zaune a ƙasa ina goge magani daga fuskata sai ga Gwaggo da Ɗan Gayu sun shigo tare.

"Subhanallahi, ɗan maganin nan ne ya gagare ku?" in ji Ɗan Gayu. Ya naɗe hannun riga. "Abba, a bar min. Amma sai an ba mu wuri, ba ya son idon jama'a."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera, Manaja ya fito salin alin. Ya ɗauke shi ya fita baranda ya ja ƙofa. Kafin in wanke hannu sun dawo, sirinji wayam, zomo kwance luf a ƙirjinsa.

Gwaggo ta dube ni ta taɓe baki.

"Kin gani ko? Wani hannun albarka gare shi."

Abba ya yi ta sa masa albarka har bakin mota. Ni kuwa na shige ɗaki na kifa kai a filo.

Haka Ɗan Gayu ya yi ta zuwa safe da yamma. Maganin cikin kwalba yana raguwa, Manaja ma yana raguwa. Ya daina buga ƙafa, ya daina zaɓen kujera, sai ya lafe a lungu ido a lumshe. Abba ya daina taɓa abincinsa shi ma, ya zauna kusa da shi yana shafa masa kunne.

Da safe ina sharar baranda na ga kiyashi sun yi layi suna hawa tukunyar fulawar Umma. Na bi layin da ido. Ƙasar tukunyar ta yi ja, tana danƙo.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Na kira Abba na nuna masa. Gwaggo, da ta kwana a gidan, ta riga shi buɗe baki.

"Kiyashi kuma a ina ne babu su? Yarinyar nan so ya rufe miki ido, har sharri kin koya."

Abba ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya koma falo yana jan ƙafa.

Na ɗauki waya.

"Dogo, kana ina?"

"Ina cikin wani firiji, Malamata. Me ya samu muryarki?"

"Manaja ne... ko ɗigo bai sha ba. Duk a fulawa ake zubarwa."

"Ga ni nan."

A bakin ƙofa na tare shi, jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ashe ya tsaya wajen likitan ya tambayo yadda ake yi. Ya ce aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya naɗe zomon a tawul ya riƙe gam, ɗaya ya zura sirinji ta gefen baki.

"To ni zan riƙe," na ce. "Kai ka ba shi."

"Ya fi ƙarfin hannunki. In ya fizge yana iya karya bayansa."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya riƙe shi, shi zai tsana. Saura ƙiris fa ya hau cinyarka..."

Ya sunkuyo ya leƙa fuskata.

"Zuciyata, in ya mutu cinyar wa zai hau?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Wata nawa na yi ina yi wa zomon nan fadanci, kin ɗauka ba na jin zafin asararsa? Amma dubi Abba. Kawo tawul."

Na kawo tawul ina sharar hawaye da gefen mayafi.

Dogo ya gaishe da Abba ya nemi izini. Abba ya ɗaga kai kawai. Ya shimfiɗa tawul a ƙasa, ya ɗauko Manaja ya ɗora a tsakiya, ya naɗe shi tsaf har kai kaɗai ya rage a waje. Zomon da muke cewa ba shi da sauran ƙarfi sai ga shi yana harbi kamar jaki. Dogo ya durƙusa ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa, tafinsa ɗaya ya rufe masa ido.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Malamata, ɗaga leɓensa ta gefe. Bayan manyan haƙoran akwai fili, nan za ki sa. Kaɗan-kaɗan, ki bari ya haɗiye, kar ya shaƙe."

Na ɗaga leɓen na zura. Na matsa kaɗan. Manaja ya datse baki ya yi ƙememe, jan ruwa ya taru a gefen leɓensa.

"Zai tofar..."

"Jira shi."

Can sai bakin ya fara motsi, muƙamuƙi na juyawa. Ya haɗiye. Na ƙara, ya haɗiye. Har sirinjin ya ƙare.

Dogo ya warware tawul. Manaja ya fito, ya juyo ya gartsa masa cizo a babban yatsa, ya buga ƙafa da ƙarfin da rabonmu da jin sa tun kafin ciwon, ya tafi lungu ya ba shi baya.

"Ahaf," in ji Gwaggo. "Dabba dai ba ta munafunci, ko ba haka ka ce ba?"

Abba ya dubi yatsan da ke jini, ya dubi bayan zomonsa.

"Ka wahalar da shi," ya ce a hankali.

"Na wahalar da shi, Abba. Kuma da yamma zan dawo in ƙara. In ya warke sai ka kore ni."

Ya dawo da yamma. Ya dawo washegari. Ɗan Gayu kuwa da Gwaggo ta tsegunta masa zancen kiyashi, sai tafiyar gaggawa ta taso masa, har yau bai dawo daga ita ba.

Kullum abin ƙara lalacewa yake tsakanin Dogo da Manaja. Da ya ji ƙarar babur ɗinsa a waje zai shige ƙarƙashin kujera. Yatsun Dogo duk suka cika da filasta. In na raka shi ƙofa sai in kasa kallon hannun.

"Shi ke nan fa, ko a mafarki ba zai hau cinyarka ba."

"To sai mu jira ya yi ritaya, a kawo sabon manaja."

Na kai masa duka da tawul, ina dariya ina kuka.

Wata safiya muryar Abba ta tashe mu.

"Auta! Ku fito ku gani!"

Muka fito a guje ni da Umma. Abba na durƙushe a tsakiyar falo, tabarau a karan hanci, yana nuna wasu 'yan ƙwallaye baƙaƙe a kan kafet kamar wanda ya tsinci zinariya. Kashin zomo ne. Can gefe Manaja ya tusa kai a kwanonsa yana ta gurgurar ciyawa.

"Cikin ya tashi," in ji Abba, idonsa ya kawo ruwa. "Alhamdulillahi, cikin ya tashi."

Umma ta riƙe haɓa.

"Yau na ga ikon Allah. Kashi a kan kafet ɗina, kuma wai murna ake."

Amma ita ma dariya take, har da dafa bango.

Likita ya ce a ƙarasa maganin duk da haka. Da yamma Dogo ya zo ba da na ƙarshe. Ya sa rigarsa mai kyau, na kuma san dalili, ya shirya a sallame shi cikin mutunci ne. Ya gaishe da Abba, ya shimfiɗa tawul. Manaja ya leƙo daga ƙarƙashin kujera, ya gan shi, ya buga ƙafa.

"Dakata," in ji Abba.

Dogo ya tsaya cak. Na runtse ido.

Sai na ji ƙarar gwiwoyin Abba. Na buɗe ido na gan shi yana saukowa daga kujera da ƙyar, har ya zauna a kan kafet kusa da Dogo. Ya jawo tawul ɗin gabansa.

"Nuna min yadda ake naɗin nan."

"Abba, ai zai yi fushi da kai."

"Ya yi mana. Ina zaune ina kallo saura kaɗan ya mutu, don kar ya yi fushi da ni." Ya gyara tabarau, bai kalli kowa ba. "Koya min tun yanzu. In kun tare a gidanku, wa zai riƙa riƙe min shi?"



Dogo ya dube ni, na dubi Umma, Umma ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

"Abba... gidanmu?" in ji Dogo. "Ai bai hau cinyar tawa ba."

"Kai, zomo ne fa. Me ya sani a kan aure? Ka turo manyanka. Kama min nan gefen."

Ban san lokacin da na zube a gaban Abba na riƙe hannunsa ba. Daɗi ya cika ni har na rasa abin faɗa, sai "na gode" nake ta maimaitawa kamar karatu.

"Auta, sakar min hannu, aiki muke."

Dogo ya ɗora tafinsa a kan na Abba don rawar ta tsaya, suka naɗe Manaja tare. Na ɗaga leɓen na zura sirinji, hawaye na hana ni ganin filin bayan haƙoran, sai da na goge da kafaɗa. Ya haɗiye har ɗigon ƙarshe.

Da aka warware tawul, Manaja ya fito ya girgiza jiki. Ya dubi Dogo, ya dubi Abba, ya buga ƙafa, ya juya musu baya su biyun.

Abba ya kwashe da dariya har tabaransa ya zame. Ya dafa kafaɗar Dogo.

"To, ɗana, an kore mu tare."