Mai Gadin Haɗiyar Magani

"Buɗe bakinka!" in ji Lastri daga bakin shinge, takunkumi a fuskarta. "Ɗaga harshe, Mas Darmaji. Na san halinka."

Mas, wato yaya, haka ake kiran namiji a wajenmu. Na buɗe. Shekarata arba'in da takwas, ga sanƙo, ga ni tsaye a barandata baki hangame kamar ɗan tsako.

Ni na ja wa kaina. Wata uku ina tari ina cewa iskar sanyi ce ta shige ni. Kullum a kankare mini baya da kwandala da man kwakwa wai don iskar ta fita, har bayan ya koma kamar gasasshen kifi. Sai ranar da na tofar da jini a rumfata ta facin taya aka kai ni asibitin unguwa. Tarin tibi ne, in ji malamar asibiti. Magani na wata shida, kuma dole a samu wanda zai riƙa ganin haɗiyarsa da idonsa kowace safiya.

Ƙannena suka ce suna da ƙananan yara.

Lastri ce ta sa hannu a katin asibitin, bazawarar da ke sayar da shinkafa a ganyen ayaba a tsallaken titi. Shekara biyar ina cin shinkafarta, abin da na taɓa iya gaya mata kawai shi ne, "Ƙara yaji."

Taku uku ne tsakanin shinge da baranda. Wata shida ina kallon takun nan, ina kallon idanunta a saman takunkumi, ina haɗiyar ƙwayoyi huɗu jajaye a hankali don kada ta tafi da wuri.

Yayanta Sarwoto ya zo har shingen. "Mai ruɓaɓɓen huhu za ki kwaso mana?"

Gunadi mai shagon taki, wanda ya daɗe yana nemanta, ya baza a unguwa cewa tarin ya shiga shinkafarta. Masu saye suka janye.

"Dik Lastri, ki daina zuwa..." na ce, ina kiranta Dik, wato ƙanwa, zuciyata tana ƙaryata ni.

"Haɗiye, kada ka cika ni da surutu!"

Ranar da malamar ta ce na warke, a hanya na tsaya na yi jugum. Na warke, to me zai kawo ta gobe?

Na shiga kasuwa na sayo gyaɗa mai jan ɓawo.

Kwana goma sha tara ina haɗiyar gyaɗa huɗu ɗungurungum da ruwa, ina yatsine fuska kamar mai shan ɗaci. A rana ta ashirin, guda ta maƙale mini, na hau tari har da hawaye.

"Tauna ta mana, Mas, kada gyaɗa ta kashe wanda tibi ya bari!"

Na daskare. "Kin sani?"

"Wa ke mayar da katinka asibiti? Kafin kai aka gaya mini."

"To me ya sa kike zuwa?"

Ta cire takunkumin. Ta ture ƙofar shingen. Taku ɗaya, biyu, uku.

"Jira nake in ga yaushe bakin nan zai buɗe ba don magani ba."

"Yayanki fa?"

"Ya ga takardar warkewarka. Ya ce huhu ya gyaru, sanƙon kuma sai haƙuri."

Na tattaro duk maganar da na tara shekara biyar, na dubi fuskarta, na buɗe baki.

"Dik... ƙara yaji."

Ta yi dariya har ta dafa ginshiƙi. Bayan girbin shinkafa aka ɗaura mana aure, kuma har yau ba ta bari a shigo da gyaɗa gidan.