Tsagar da Ke Jikin Kaset

Hannunsa ta fara gani.

Dogo ya dawo daga shagon ɗinki, ko hula bai cire ba ya nufi bangon falo kamar kullum, ya miƙa hannu inda kantar kaset-kaset ɗinsa take. Yatsunsa suka sauka a kan gilashi mai sanyi.

"Gajeriya... mene ne wannan?"

Ta taso da rimot a hannu da murmushin da tun rana take ajiye masa.

"Talabijin ce, masoyi. Sabuwa, irin ta bango."

"Kaset ɗina fa?"

"Na kai shagon mai sayen tsofaffin kaya. Da su da rikodar, da fayafayan fim, da na'urar wasan nan da ka daina taɓawa. Na cika da ɗan abin hannuna, na karɓo ta a wurinsa."

Ba ta faɗa masa cewa Yayarta ce ta zuga ta ba. Tun farko Yaya ba ta so auren ba, ta ce tela ba ya riƙe mace. Da ta zo ziyara kwanan baya sai ta tsaya tsakiyar falon ta taɓe baki. "Nan ake saukar baƙi, ko nan ake zuba tarkace?" Maganar ta yi ta cin Gajeriya har ta ɗauko kwali.

Dogo ya daɗe a tsaye. Ta danna rimot don ta kori shirun. Allon ya kawo haske shuɗi fayau, don ba a riga an haɗa eriya ba.

Ya juyo yana murmushi. "Kin iya zaɓe, 'yar gajeriyata. Hoton ya fita tas, kamar mutanen su fito su gaishe mu."

Ta dubi allon. Babu kowa a ciki.

Ta dubi mijinta.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Yadda yake miƙo mata allura da zare yana tsokana wai idon yara ya fi kaifi. Shayin da ya zuba a gefen kofi. Fim ɗin da ya ce ya ishe shi, shi da ba ya barin fim ya wuce shi.

"Dogo," ta ce, "wane launi ne mayafina?"

Ya lalubi kujera ya zauna.

"Likita ya ce ganin nawa tafiya yake yi, ba zai dawo ba. Yanzu haske kawai nake rabewa da duhu, sai inuwar mutum."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Da idona biyu Yayarki ta ce ba zan iya riƙe ki ba. Yanzu kuma me za ta ce?"

Ta tuna mai shagon yana jujjuya kaset ɗin yana rage musu daraja, wai duk an tsattsaga gefensu. Ita kuma har dariya ta yi, ta ce mijinta ne da wasa da almakashi.

"Tsagar nan ta jikinsu..."

"Shirin duhu nake yi," ya ce a hankali. "Kowanne da tasa. In na shafa na san wanda na ɗauka, ba sai na dame ki ba."

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Kunya ba ta barin mutum ya yi irin wannan kukan. Ta dai zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta kasa ɗaga kai, hasken nan shuɗi yana kansu su biyu.

Da safe ta naɗe talabijin a bargo ta mayar. Mai shagon ya yi mita, ya ce kayan da ya fita ya fita, amma da ta faɗa masa dalili sai ya ɗauko rikodar daga ƙarƙashin tebur. Kaset ɗin kuwa ya riga ya juye su cikin wani ƙaton kwali tare da na mutane.

"Rubutun duk ya goge, baiwar Allah. Ta yaya za ki gane naku?"

Ta durƙusa gaban kwalin, ta rufe ido, ta tura hannu. Masu shigowa suna kallonta, wani ma ya yi dariya. Ba ta buɗe idon ba. Duk wanda ta ji tsaga a gefensa sai ta aje a cinyarta, har rana ta take.

A bakin ƙofar gida ta tarar da Yaya, labari ya riga ya kai mata.

"Tattara kayanki mu tafi. Ƙuruciyarki za ki ƙarar kina jan makaho?"

"Yaya, shi yana shirin kada ya dame ni, ni ina shirin burge ki. Cikinmu wa ya fi rashin ido?"

Ta wuce ta da kwalin a ka.

Dogo ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana kiran sunan kowace waƙa. Da ya kai ƙarshe sai hannunsa ya ci gaba da lalube a cikin kwalin.

"Akwai mai tsaga gefe da gefe."

"An saye shi," ta ce, kanta a ƙasa. "Wanne ne?"

"Wanda ke tashi a shago ranar da kika fara kawo ɗinki, kika ce na yanka miki riga kamar buhu."

Ta san waƙar. Ba ta da murya, kowa ya sani, ita ma ta sani. Ta share ido, ta gyara zama, ta fara rerawa.

Ya saurara har tsakiya, sannan kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Gajeriya, ido ne ya tafi. Kunnen ma so kike ki ƙarasa?"

Ta yi dariya cikin hawaye za ta yi shiru, ya kamo hannunta ya ɗora a ƙirjinsa.

"Wa ya ce ki tsaya?"

Duk shekarun da suka rage masa, ita ce ta zama wannan kaset ɗin. Kwalin yana nan a falo har yau, rikodar a kansa. In kewa ta taso mata takan rufe ido kafin ta zaɓa.