Kashin Gyado a Gonar Rahamatu

Da sassafe Rahamatu ta iske gonarta ta dankali, a bakin tafki kusa da Wara, an tone ta kunya bayan kunya. Karo na uku ke nan tun rasuwar mijinta, ga marayu huɗu da ba su da wani abinci sai gonar nan.

Ko da ɗan sanda Saja Tamada ya iso, Basiru, ƙanen mijinta, yana ta ɓaɓatu.

"Gyado ne, ga kashinai nan! Na ce ki bar mini wagga gona, mace ba ta iya tsaron daji!"

Saja bai kula shi ba. Ya fara da Modibbo, mai shayar da shanu a tafkin.

"Shanunka sun shigo?"

"Ranka ya daɗe, yaushe saniya ta koyi tono?"

Ya sallame shi, ya sa aka kira Dudu, tsohon maharbi.

"Baba, ko kai ka koro gyadon nan daga daji?"

"Ni? Shekara biyu rabona da sawun gyado a wanga gefe."

Dudu ya tsuguna ya fasa kashin da kara. Jama'a suka ja baya, ana toshe hanci. Tsoho ya miƙe ransa a ɓace.

"Gyado saiwa yake ci, da ciyawa, da abin da ya tono. In ya shiga dankali sai ya bar guntaye ko'ina. Nan babu ko ɗaya. Wannan kuma dusa ce zalla. Wa ke yi wa gyado surfe a daji?"

Saja ya hau keke zuwa wani ƙauye da ake kiwon aladu. Da la'asar ya dawo da matar da ke kiwonsu. Ba ta ko gaida kowa ba ta nuna Basiru.

"Shi ne. Sau uku yana zuwa da buhu, wai taki yake so."

Basiru ya soma rantse-rantse.

"Rufe mini baki!" in ji Saja. "Ka tone dankali ka kwashe, ka zuba kashin aladen gida don ta tsorata ta bar maka gona. A wurinka alade duk alade ne. Ƙyama ta hana ka dubawa, ka zaci za ta hana kowa."

Rahamatu ta ce, "Ɗiyan yayanka, Basiru! Ka ɗauki najasa a kai don ka raba su da abinci?"

Saja ya ciro ankwa. Rahamatu ta tare gabansa.

"Dakata, Saja. Ya kwashe ƙazantarsa daga gonata tukuna. Da hannu."